Ranar da Ɗanbaba Ya Kira Suwis

A Tawa, in ka ce kana neman Ɗanbaba, sai an tambaye ka wanne, don suna da yawa. In ka ce Ɗanbaba Abijan kuwa, dariya za a fara yi kafin a nuna maka gidan.

Mutumin ya yi shekaru yana bida, wato ci-rani, a Kodebuwa. Ya dawo da baƙin tabarau, da takalmi mai tsinin baki, da kalmar "wala" da yake liƙa wa ƙarshen kowace magana. Abin da ya fi faɗa shi ne a wani babban kantin agogo ya yi aiki, har turawa kan yi layi don ya taɓa musu nasu. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi a can sun ce ba duka ne ƙarya ba. Akwai kantin, kuma kullum Ɗanbaba na gabansa, a tsallaken titi, yana soya kifin da ake ci da garin rogo.

Wata safiya yana zaune a teburin Illa mai shayi, abokinsa tun na yarinta, sai aka turo masa wani bidiyo a salula. Wani bature ne mai farin gemu, riƙe da tsohon agogon hannu, yana bayani da faransanci. Ya ce sirrin tsohon agogo yana cikin lambobin da aka zana a jikinsa. Wanda ya iya karanta su zai san irin agogon, da zamaninsa, da ƙarfen da aka ƙera shi da shi, kuma a ƙasashen waje akwai masu neman irin waɗannan ido rufe. "Amma lambobin iri biyu ne," in ji baturen, "kada ka kuskura ka..."

Nan hoton ya tsaya, bakin baturen a buɗe. Kiredi ya ƙare.

"To sa wani mu ji mi za a kuskure," in ji Illa.

"Sauran na 'yan koyo ne," in ji Ɗanbaba. Ya cire tabarau ya dubi sama. "Illa, ka san Adar cike take da arziki muna tahiya bisa kanshi? Duk tsohon da ya taɓa zuwa Abijan ko Kumasi, da agogo ya dawo. Suna nan kwance cikin akwatuna. Ni zan karanta lambobinsu, in haɗa su da turawa. Kahin damina ina da biro, ohis mai sanyi. Kai ma in ɗauke ka, ka riƙa kawo ma baƙina shayi. Wala."

"Fara biyan na jiya da godiya," in ji Illa, "ko sannu ba ka ce ba."

Kafin azahar Ɗanbaba ya kwashe teburin da matarsa Balki ke sayar da ƙosai a kai, da babban farantinta, da 'yar wuƙarta ta yankan albasa. Ya ɓalle ido ɗaya daga tsohon tabaran kakarsa, ya ɗaura shi a goshi da roba. Ya kafa teburin a gindin dogon yaro kusa da na Illa, ya jingina kwali da aka rubuta: LIKITAN LAMBOBIN AGOGO, DAGA ABIJAN.

Balki ta biyo shi har can, hannu a ƙugu.

"Baban Hauwa, bisa mi zan aza ƙosai gobe?"

"Gobe wa ke maganar ƙosai? Ke matar direkta ce yanzu."

"To direkta, in dare ya yi sai ka ci lamba."

Wanda ya fara kawo agogo shi ne Baba Ma'azu, tsohon direban babbar mota. Ya kwance shi daga cikin tsumma kamar mai fito da jariri. Ɗanbaba ya sauke gilashinsa a ido, ya juya agogon, ya ƙura masa ido har mutane suka matso.

"Allahu akbar. Baba, kun ga wanga? Talatin, sannan harahin M."

"Mi ke nan?"

"M, Ma'azu ke nan. Kamfanin ya san da ku. Talatin kuwa shekarun da za ku ƙara ne a duniya."

Baba Ma'azu ya washe baki. Amma a bencin Illa akwai malamin lakkol, wato makarantar boko, da ake kira Mushe Yunusu, wanda aka turo daga Damagaram, yana shan shayinsa. Ya ce a hankali, "Ni dai a sanina mita ce. Zurfin ruwan da agogon zai iya jurewa lokacin da yake sabo."

"Na sani," in ji Ɗanbaba nan take. "Gwada ku nike. Ma'ana biyu gare ta. Ku tsaya ku ga ta biyun."

Kafin wani ya ce uffan, ya jefa agogon cikin bokitin da Illa ke wanke kofuna. Ya bar shi ya jiƙa, ya tsamo, ya ɗaga sama. Ga ruwa nan a ƙarƙashin gilashi, yana kai da kawowa, har da ɗan ganyen shayi.

"Ya sha ruwa!" in ji Baba Ma'azu.

"Gumi ne, Baba. Agogo mai rai shi ke gumi. Yanzu zai bushe."

Ya ɗora shi a gefen murhun Illa. Ba a jima ba wari ya tashi kamar ana ƙona takalmin roba. Gilashin, ashe ba gilashi ba ne, ya kumbura ya yi ja kamar ƙosai.

"Ku bar shi ya kwana asibiti," in ji Ɗanbaba, yana jefa shi daga hannu zuwa hannu don zafi. Sannan ya ja tsohon gefe, ya nuna masa wata gajerar lamba a bayan agogon, ya rage murya. "Wagga ita ce ta gaske. Ku riƙe ta da ka. Duk duniya babu agogo mai irinta sai naku. Amma kada ku hwaɗa ma kowa, mutane da hassada."

Baba Ma'azu ya tafi yana maimaita lambar a ransa, ya manta da warin roba.

Tsoho ba ya riƙe irin wannan labari. Bai faɗi lambar ba, amma ya faɗa wa duk masallacin cewa agogonsa ba shi da na biyu. Nan da nan tsofaffin unguwa suka shiga buɗe akwatuna. Baba Idrisa tela ya kawo nasa. Wasu suka aiko daga Bambeye a hannun 'yan kabu-kabu. Kowa Ɗanbaba ya ja shi gefe, ya nuna masa gajerar lamba, ya ce duk duniya nasa kaɗai ne. Shi kansa bai tsaya ya lura da abin da yake karantawa ba, don yana cikin faɗa ne idonsa ke kan wanda ke tafe.

Da agoguna suka taru, sai ya tuna baturen ya ce wasu lambobin a ciki suke ɓoye. Ya kai su gida, ya zauna a tsakar gida da hantsi, ya sa wuƙar albasa ya ɓalle bayan kowanne. Ya zuba komai a farantin Balki: murafai, da ƙananan ƙusoshi, da wasu 'yan ƙafafu masu haƙora da suka faɗo da kansu.

"Ka san na wa da na wa ne?" in ji Balki daga bakin murhu.

"Likita shina mance mara lahiyarshi?"

Bai rufe baki ba kazar maƙwabciyarsu Raƙiya ta tsallako katanga, ta dira a gefen farantin. Faranti ya kife. Kazar ta dubi abin da ya watse, ta zaɓi wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli, ta haɗiye. Ɗan maɓallin da ake murɗa agogon Baba Idrisa ne.

Ɗanbaba ya yi kururuwa ya bi ta. Kaza ta shiga ƙarƙashin rumbu, ya bi ta da rarrafe. Ta fito ta haye katanga, ya haye, takalmi mai tsini ya maƙale, ya faɗa gidan Raƙiya a kan tabarmar da ta shanya kuɓewa.

"Lahiya, Ɗanbaba? Ƙohwa ta ƙare a garin?"

"Kazarki ta ci kayan Suwis. Kawo wuƙa."

"Wa za a yanka? Wagga da ke yi min ƙwai kullum? Kai dai a yanka ka."

"To ki ba ni ita haya."

"Ba ta zuwa ko'ina. In kana son kayanka, zauna ka jira su hito."

Haka kuwa aka yi. Yinin ranar, da washegari, duk wanda ya leƙa gidan Raƙiya sai ya ga likitan lambobi a tsugune, gilashi a ido, tsinke a hannu, yana bin kaza. Duk inda ta tsaya, ya tsaya. Matan unguwa suka riƙa shigowa aron gishirin da ba sa bukata.

"Direkta, an samu?" in ji Balki ta kan katanga.

"Ana bincike."

Kaza dai ba ta mayar da komai ba. Ɗanbaba ya koma ya tsince abin da ya samu a cikin rairayi, ya hura, ya mayar da kowane murfi inda ya yarda ya shiga. Wanda ya ƙi, ya taimaka masa da dutse. Da ya gama, sai ga ragowar ƙusoshi a tafin hannunsa. Ya ce turawa da ɓarna suke, kullum sai sun sa fiye da kima.

Ya sanar cewa ranar Lahadi, ranar kasuwa, kowa ya zo ya ji sakamako a gaban jama'a.

Ran Lahadi da hantsi gindin dogon yaro ya cika. Ana cikin haka motar garin Afala ta sauke wani dattijo mai farin rawani, Alhaji Sadisu, mahaifin Balki. Labari ya kai masa cewa surukinsa ya zama likita. A hannunsa akwai agogon da yayansa ya bar masa, wanda ya rasu a Abijan tun suna samari. Ba ya cire shi sai zai yi alwala.

Balki ta ja mijinta bayan itace.

"Baban Hauwa, dube ni da kyau. In ka taɓa agogon Baba da wuƙar nan, motar da ta kawo shi da ni za ta koma. Da ni, da Hauwa, da teburina."

"Haba Balki, ni da Baba..."

"Na gama."

Ɗanbaba ya koma ya hau kan benci, ya fara jawabi. Bai yi nisa ba Baba Ma'azu, wanda sirri ya ishe shi, ya miƙe.

"Jama'a, tun da yau ranar bayyanawa ce, ni ne mai agogon da babu irinshi." Ya rufe ido ya rero lambarsa kamar mai hadda.

Baba Idrisa ya zabura. "Kai Ma'azu! Wa ya ba ka lambata?"

"Lambarka? Tawa ce!"

"Ku biyun ƙarya kuke," in ji wani tsoho daga Bambeye, yana buga sanda. "Tun shekaranjiya nike karanta ta bayan kowace salla don kada in mance."

Wuri ya kaure. Wannan ya ce an yi masa leƙen asiri, wancan ya ce dama tun a Abijan Ma'azu ke da dogon hannu. Aka tono rigimar wata katifa da aka yi tun kafin a haifi Ɗanbaba. Sanduna suka fara tashi sama.

Mushe Yunusu ya shiga tsakani. "Iyayena, ku yi haƙuri. Ni ma an turo mini bidiyon nan, kuma na kalle shi har ƙarshe. Gajerar lambar ta iri ce. Kamar shaidar da ake yi wa shanu: garke ɗaya, shaida ɗaya. Duk agogon da aka ƙera a siffa guda, lambar nan ce a jikinsa, ko sun kai dubu. Ba a wuri ɗaya kuka saya ba?"

Tsofaffin suka dubi juna.

"Wurin Dogo, bakin tashar jirgi can Abijan," in ji Baba Idrisa a sanyaye.

"Ni ma."

"Ai kowa wurin Dogo ya saya."

"To kun gani. Doguwar lambar ita ce ta kowane agogo shi kaɗai, da ita ake gane lokacin da aka yi shi."

Duk idanu suka koma kan benci. Da wani mutum ne, da sai ya sauko. Ɗanbaba sai ya gyara tabarau.

"Mushe ya yi ƙoƙari. Rabin gaskiya ya hwaɗi, irin ta littahi. Gajerar ta garke ce, wanga kowa ya sani. Amma doguwar ba ta shekara ba ce. Lambar wayar kamfanin ce, can Suwis. Baba," ya juya wurin surukinsa ya rusuna, "ku ara min naku. Ba zan buɗe ba, dubawa kawai."

Alhaji Sadisu ya dubi 'yarsa, ya dubi surukinsa, ya miƙa hannu ba tare da ya kwance agogon ba. Dole Ɗanbaba ya durƙusa, ya karkata kai, ya leƙa ƙarƙashin madaurin. Ya ƙirga.

"Takwas cif! Ku ƙirga lambar salularku, ba takwas ba ce? Wala!"

Ya karɓi wayar Illa, don tasa har yanzu babu kiredi. Ya danna lambobin, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ɗaga ta sama. Abin mamaki, ta shiga. Kowa ya kasa kunne.

"Kun ji kukan? Ba irin namu ba ne. Na waje ne."

Aka ɗauka. Iska na kaɗawa a can, da kukan akuya.

"Alo! Bonjur mushe direkta! Isi Ɗanbaba, Tawa, Nijar. Se la Suwis?"

"Wa?" in ji wata murya mai kauri. "Yi Hausa, bawan Allah. An gane shi?"

Ɗanbaba ya rufe wayar da hannu. "Kun ji babban kamfani? Har tahinta Bahaushe sunka aje." Ya buɗe. "Eh, shina hannunmu. Kan maganar lambar da ke jikinshi muke kira."

"Alhamdu lillahi! Lamba akwai ta, ta baya, gehen hagu. Tsoho ne ko?"

"Tsoho ne ƙwarai."

"Shi ne! Ba ya tahiya sai an buge shi."

"Wallahi nawa yake nuhi!" in ji Baba Ma'azu, wanda ya riga ya ɗauko nasa daga teburi yana buga shi a gwiwa. "Tambaye shi, shina shiga ruwa?"

"Ruwa?" in ji muryar. "Kada ku soma. Ko kusa da ruwa ba ya so."

"Ka ji ko!" Baba Ma'azu ya nuna Ɗanbaba da sanda.

"Ku dai ba shi dusa, ku ɗaure shi da kyau," muryar ta ci gaba. "Kuma kada kowa ya tsaya bayanshi, shina harbi."

Alhaji Sadisu ya miƙa hannu ya karɓi wayar.

"Salamu alaikum. Da wa muke magana?"

"Hamisu ne, daga Tebaram. Jakina ne ya ɓace, na ba da lambata ko'ina. Ba shi kunka gani ba?"

Illa ne ya fara faɗuwa daga benci. Dariya ta tashi daga gindin dogon yaro ta bi layin masu albasa har ta kai wurin masu tabarmi, waɗanda ba su ma san abin da aka yi ba. Raƙiya ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Balki ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba a san ko kuka take ko dariya ba.

Ɗanbaba ya jira ta lafa, ya ɗaga yatsa.

"Reshensu ne na Tebaram."

Aka sake fashewa. Amma tsofaffin sun gama dariya, sun zo karɓar kayansu. Na Baba Idrisa babu abin murɗawa. Na tsohon Bambeye an sa masa murfin wani, ya lotsa. Wani ya girgiza nasa, ya ji yana kaɗawa kamar caki. Sanduna suka sake tashi, wannan karon duk wuri ɗaya suka nufa.

Alhaji Sadisu ya shafa agogonsa, ya ga lafiyarsa lau, sannan ya ce a saurara.

"Surukina ne, ba zan bari a taɓa shi ba, ko da ya cancanta. A kai agogunan wurin mai gyara na bakin tasha, Ɗanbaba ya ɗauki nauyi. Amma gyara zai ɗau lokaci, kuma bayin Allah nan ba za su zauna babu agogo ba." Ya dubi Ɗanbaba daga sama har ƙasa. "Kai ne agogon. Duk wanda ya so sanin lokaci, ya kira ka, ka zo da ƙahwarka ka hwaɗa mishi. Har ranar da nashi zai dawo."

Tsofaffin suka ce hukunci ya yi. Ɗanbaba ya buɗe baki, Balki ta ɗora masa teburinta a ka, ta ce ya wuce gaba.

Mai gyara ya duba agogunan ya riƙe baki, ya ce wasu kayan sai an aiko daga Kano. Tsofaffin kuwa ba su taɓa bukatar lokaci kamar wannan karon ba. Baba Ma'azu kan kira shi, ya ji, ya ce bai yarda ba a sake dubawa. Tsohon Bambeye ya aiko cewa shi ma yana da hakki, sai da aka roƙe shi ya yarda a faɗa masa ta waya.

Wata rana Ɗanbaba ya samu ya zauna a teburin Illa, an zuba masa shayi, sai wayar Illa ta yi ƙara. Hamisu ne, ya kira ya ce jaki ya dawo da kansa, a gaida mutanen Tawa. Ɗanbaba ya fizge wayar, ya miƙe, ya shiga zagaya wurin da babbar murya.

"Wi. Wi. Madalla. Ku ci gaba da aiki haka nan." Ya dawo ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. "Kamfani ne. Matsalar da sunka samu ta warware. Sun ce a yi min godiya."

Ya kai kofi baki ke nan, muryar Baba Idrisa ta taso daga shagon ɗinki a ƙarshen layi.

"Agogo! Ina agogon nan ya shiga?"

Ɗanbaba ya dire kofin ya zabura.

"Yi sauri," in ji Illa, "ka makara."

"Agogon ƙwarai ba ya gudu," in ji Ɗanbaba. Da gudu ya faɗe ta.